Inda kwalta ta bi, nan jama'a da harshe ke bi

Duk mai nazarin taswirar Nijar zai lura cewa manyan garuruwan kudu sun jeru a kan hanya ɗaya, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Dosso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Diffa. Damina ce ta fara tara jama'a a wannan yanki, amma kwalta ce ta zaɓi garuruwan da suka bunƙasa. Maraɗi ta zama cibiyar alhazai ƴan kasuwa saboda tana mahaɗar wannan hanya da wadda ta nufi Katsina da Kano.

Arewa ma shaida ce. An kafa Arlit a 1969 domin haƙar uraniyum, sannan aka shimfiɗa mata hanya mai fiye da kilomita 600 daga Tawa ta Agadas. Ma'aikata da fatake suka biyo ta daga kudu, Hausa kuwa ta ƙara ƙarfi a kasuwannin yankin Tamajak. Da hanyar ta lalace, tafiya ta yi tsawo, kaya suka yi tsada.

Saboda haka ya kamata hukuma ta daina fifita manyan hanyoyi kaɗai. Ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, albasarsa ruɓewa take, samarinsa kuma birni suke komawa, inda karin harshensu ke narkewa cikin Hausar tasha. Masu nazarin Aderanci da Gobiranci su gaggauta ɗaukar muryoyin waɗannan ƙauyuka tun masu magana da su suna nan.