Zumunci a ƙafa yake, siyasa ma haka

Yau ba martani na zo yi wa kowa ba. Tambaya ɗaya gare ni, ga shugabanninmu, da masu neman takara, da mu sojojin baka na Facebook: yaushe rabonka da ka taka garin nan da ƙafarka? Ba daga ƙofar gida zuwa masallaci ba, ba kuma daga mota zuwa rumfar ɗaurin aure ba. Ina nufin ka ajiye mota, ka ƙi tsai da ɗan kabu-kabu, ka shiga shiyya ka fita shiyya har gwiwa ta gaya maka ta ji.

Ra'ayina shi ne, wanda bai san Birnin Kebbi da Argungu a ƙafa ba, bai san abin da yake roƙon a ba shi amanarsa ba. Gilashi mai duhu yana hana mutane ganinka, to kai ma yana hana ka ganinsu.

Mu fara da Birnin Kebbi. Mai mota manyan tituna ya sani: Ahmadu Bello Way, shataletale, hanyar sakatariya, hanyar filin jirgi ta Ambursa. Wannan shi ne garin da ya zama hedikwatar jiha ranar 27 ga Agusta, 1991. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani garin da ya girme shi nesa ba kusa ba. Nan ne sarautar Kabi ta zauna bayan an bar Surame, birnin Kanta. Nan ne rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci a 1805. Daga baya kuma nan ne Sarkin Gwandu ya dawo da zama. Wannan tsohon garin mota ba ta shiga rabinsa.

Ka tashi daga ƙofar Fadar Abdullahi Fodiyo da hantsi ka nufi cikin gari. Sunayen shiyyoyi kaɗai makaranta ne. Shiyar Fada ta gaya maka su wa ke kusa da sarauta. Maƙerar Gandu ta gaya maka sana'ar da ta kafa wurin. Ƙofar Kola ta tuna maka cewa gari ne mai ganuwa da ƙofofi, shi ya sa ake ce masa birni. Rafin Atiku kuwa sunan yana faɗakar da kai cewa ruwa yana da hanyarsa tun kafin a zo da bulo da siminti. In ka fito ka nufi Badariya ko Bayan Kara ko Gesse, za ka ga garin da ya faɗaɗa bayan 1991, gidaje sun riga titi da magudanar ruwa isa wurin.

A irin wannan yawon, abin da nake gani ba ya cikin takardar manufofin kowane ɗan takara. Lungun da damina ta zaizaye har tushen katanga ya fito. Kwata da ta cika da leda, ruwan da ya kamata ya wuce ya tsaya yana kiwon sauro. Rijiyar burtsatse mai allo da sunan wanda ya gina, amma famfon ya bushe, ɗan ga-ruwa na tura kura a gabanta. Yara 'yan firamare suna rabon kwalta da tirela saboda ba a bar wa mai ƙafa gefen da zai bi ba. Tsohuwa ta fito asibiti tana neman inuwar da za ta huta, an sare dogon yaron da ke wurin ba a dasa wani ba. Ka ga duk waɗannan ba sai an kafa kwamiti ba. Takalmi kawai suke buƙata da ido.

Kada kuma a ɗauka matsala kaɗai ake gani. A ƙafa ne za ka ji sautin guduma a maƙera, ka ga tela da almajiransa, ka ji karatun allo yana fitowa daga zaure, ka sha fura a hannun mai ita, ka zauna a teburin mai shayi inda ake yanke wa kowane ɗan siyasa hukunci kafin INEC ta buga takardar ƙuri'a. Waɗannan mutanen su ke riƙe da garin. Yawancinsu ba sa Facebook, waɗanda ke ciki ma ba su da kuɗin data na bin dogon rubutu irin wannan.

Daga nan mu shiga mota, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, mu sauka Argungu, mu sake ajiye ta. Mu 'yan siyasa Argungu ta kwana huɗu muka sani: ta bikin kamun kifi, manyan baƙi, rumfa, jiniya da hoto. Sauran kwanakin shekara fa? Ka je ranar da babu biki. Ka fara da Gidan Tarihi na Kanta, wanda shi ne fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. A ciki akwai makaman yaƙi, da tambura, da kayan su, da kaburburan sarakuna. Ina tambayar matasanmu da ke rubuta "jinin Kanta" a ƙarƙashin hotonsu: mutum nawa cikinku suka taɓa shiga gidan nan?

Ka fito ka ratsa Kokani, ka gangara Matan Fada. Ba taro, ba kiɗa, sai ruwa da masu gadinsa. Za ka fahimci cewa kifin da ake ɗagawa a gaban kyamara ba sa'a ba ce kawai. Dokar Sarkin Ruwa ce ta hana su a wurin har lokacinsa ya yi, jama'a kuma suka bi. Wato tsari ne na gargajiya da ke aiki ba tare da ɗan sanda ba. UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma masu riƙe da shi su ne masuncin da ke gyaran homa da gora, da matar da ke bandar kifi, ba mu masu babbar riga ba.

Daga bakin ruwa ka dubi fadama. A 2015 aka zo jihar nan aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, a 2017 aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu. Duk mun yi ta alfahari da wannan a shafukanmu. To ka tsaya da manomin da ke jan tiyo daga injin ban-ruwa ka tambaye shi nawa fetur ke ci masa kafin ya yanke. Ka tambaye shi abin da ambaliyar 2020 ta yi masa, da ko ya farfaɗo. Ka tambayi matan da ke turara shinkafa suna shanya ta ina suke samun jari. Amsar da za ka samu a tsaye cikin laka ta fi rahoton da za a kawo maka ofis cikin fayil.

Akwai kuma darasin da ya shafe mu kai tsaye. Kabawa da Daular Usmaniyya sun shafe shekaru masu yawa suna gaba. Abin da ake tunawa da shi a matsayin rufe wannan babin shi ne ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, aka shirya masa kamun kifi, daga nan bikin ya samo asali. Ziyara ce, ba wasiƙa ba. In har gabar da aka zubar da jini a kanta ta mutu da takowa, me zai hana saɓanin kujerar shugaban mazaɓa ya mutu da sallama a ƙofar gida?

Na san abin da za a ce. Za a ce rana. Gaskiya ne, a watan Afrilu zafin nan yana haura digiri 40. Amma mai tallan da kake neman ƙuri'arta a cikinsa take yini, kai kuwa bayan Asuba ko bayan La'asar aka ce ka fito. Za a ce tsaro. Ba na wasa da wannan, kuma ban ce kowa ya shiga daji ba. Cikin gari nake magana, da rana, tare da 'yan shiyyar. In kuwa mutum yana tsoron shiga lungun mazaɓarsa, to wannan ma amsa ce, ya zauna ya yi mata nazari. Za a ce mutane za su yi ta roƙon kuɗi. Za su yi, domin mu muka koya musu cewa ba a ganinmu sai da buhu. Za ka ji dattijo ya ce maka, "Yanzu kunka tuna da mu? Mi kunka kawo muna?" Ka haɗiye, ka ce, "Baba, gaisuwa muka kawo, kuma mun zo mu ji." Zuwa na farko zai yi maka dariya. Zuwa na uku, ba lokacin zaɓe ba, shi zai shimfiɗa maka tabarma.

Wannan ba sabon abu ba ne. Sarakunanmu suna da rangadi. 'Yan NEPU na zamanin Malam Aminu Kano ba da jerin gwanon motoci suka shiga zukatan talakawa ba, ƙafa ce da keke da zama a zaure.

Ga shawarata. Ƙaramar hukumar Birnin Kebbi tana da mazaɓu 15, Argungu tana da 11. Kowace mazaɓa shugabanninta su ware rana ɗaya a wata. Mutum biyar ko shida sun isa. Ba fosta, ba lasifika, ba 'yan banga, ba watsa kuɗi. A fara da gaida mai unguwa da limami. A tafi da mata 'yan jam'iyya, domin su ne za su shiga cikin gida inda namiji zai tsaya a zaure, kuma ranar zaɓe kowa ya san layin da ya fi tsawo. A riƙe littafi, a rubuta abu uku kacal da shiyyar ta fi kuka da su. Wanda za a iya da aikin gayya, kamar yashe kwata ko dasa itace, a yi shi a watan. Wanda ya fi ƙarfinmu a kai wa kansila ko ɗan majalisa a rubuce, wata mai zuwa a koma a gaya wa mutane inda aka kwana, ko da amsar ba ta yi daɗi ba.

Duk mai neman mu mara masa baya kuma, kafin ya turo mana hotonsa mu yaɗa, ya zo mu taka tare daga fada zuwa Maƙerar Gandu, ko daga Gidan Kanta zuwa Matan Fada. In ya iya kiran shiyyoyin da sunansu, mutane kuma suka kira shi da nasa, to mu yi magana.

Wanda ya shirya, ya rubuta sunan mazaɓarsa da ranar da suka tsayar. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukanmu, ya zaunar da Jihar Kebbi lafiya. Amin.