Asusun wa ne, na Alhaji ko na yaron shago?

Daga Dawanau ta Dawakin Tofa zuwa Badume ta Bichi, har Ɗambatta da Makoɗa, mudu yana nan yadda aka san shi, dillali yana nan da la'adarsa, 'yan dako suna nan da gammonsu. Abin da ya sauya shi ne yanzu ba a ɗaga buhu sai an ji alat. Tun Yulin 2013 Babban Bankin Najeriya ya shigo da Kano cikin tsarin rage mu'amala da tsabar kuɗi, aka shekara kusan goma ana lallashi, 'yan kasuwar karkara ba su ko waiwaya ba. Canjin takardun kuɗin da gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar a Oktoban 2022 shi ya gama aikin cikin makonni. A Fabrairun 2023 mai gero da mai wake sun wayi gari ga kaya ga masu saye, amma babu takardar naira, kuma kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo, dubban mutanen da ba su taɓa taka ƙofar banki ba sun riga sun koma karɓar taransifa ta OPay da Moniepoint da PalmPay.

An sha yabon wannan sauyi, kuma ya cancanci yabo. Sai dai abin da aka yi cikin gaggawa yakan bar baya da ƙura, kuma ƙurar da nake nufi ba ta sabis ba ce ko ta wutar lantarki. A waɗancan makonni, maigidan da ba shi da BVN, ko yake da ita amma bai iya latsa babbar waya ba, ya juya ya ce wa yaronsa: «Kai, ba su lambarka su tura.» Daga ranar nan asusun yaro ya zama asusun shago. Da sunan yaron aka buɗe shi, layinsa ne ke karɓar alat, shi ya san lambar sirri, a wayarsa tarihin ciniki yake. Matsin kuɗi ya wuce, amma tsarin bai koma ba. Ra'ayina shi ne wannan ce babbar matsalar tafiyar da fasahar zamani a kasuwancin karkarar Kano a yau: jari na mutum ɗaya ne, amma ikon jarin da shaidarsa suna hannun wani, kuma babu wata takarda da ta haɗa su biyun.

Ba yau 'yan kasuwarmu suka fara damƙa dukiya a hannun yara ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilai ya gina cinikin gyaɗarsa, yana ba su jari su shiga ƙauyuka su sayo. Fataken goro na hanyar Gwanja suna da malaman da ke rubuta musu wasiƙu da lissafin bashi da ajami. Amma a wancan tsari kuɗi ne ke fita wurin yaro, lissafi yana zama wurin maigida, a littafinsa ko a kansa, kuma akwai shaidu. Yanzu abin ya juye. Wanda ke riƙe da lambar sirri shi ke riƙe da makullin rumbu, kuma a idon banki da kotu rumbun ma nasa ne, tunda sunansa ke jiki. Tun da Babban Banki ya wajabta a ƙarshen 2023 cewa kowane asusu, komai ƙanƙantarsa, sai an haɗa shi da BVN ko NIN, babu sauran asusun da ba shi da takamaiman mai shi a hukumance. Idan wannan mai shi yaron shago ne, to Alhaji ba shi da bakin da zai kira kamfani ya ce kuɗinsa sun maƙale, domin ba su san da zamansa ba.

Illar ba sai yaro ya ci amana take bayyana ba, kuma a nan ne nake ganin ba a yi wa batun adalci. Yawancin yaran nan 'ya'ya ne ko ƙanne ko 'ya'yan 'yan uwa, masu riƙon gaskiya. Amma mai gaskiya ma ana ƙwace masa waya, kuma ba a buƙatar a tuna wa mutumin Kano yadda ƙwacen waya ya zama annoba. Idan layi ya ɓata, sai wanda NIN ɗinsa ke kan layin ne zai iya zuwa ya yi walkam-bak. Idan da sunan wani maƙwabci aka yi rajistar layin shekarun baya, kamar yadda aka yi da yawa a ƙauyuka, to an shiga uku. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya sake sayar da shi ga wani, alat ɗin shago ya koma shiga wayar baƙo. Ga kuma sabon littafin bashi, wato saƙon murya na WhatsApp: wane ya ɗauki buhu goma na riɗi zai biya ran kasuwa, wane an ba shi taki sai kaka. Duk wannan yana cikin waya ɗaya, wadda sau da yawa ba a adana abin da ke cikinta a ko'ina ba. Waya ta faɗa ruwa, bashin mutum ashirin ya koma dogaro da tsoron Allahn masu ɗauke da shi.

Inda abin ya fi tsanani shi ne ranar da maigida ya faɗi ya mutu. A shari'a ba a raba gado sai an biya bashi, kuma ba a biyan bashi ko a karɓo shi sai an san shi. Da can magada kan buɗe akwati su tarar da littafi, su kira abokan ciniki su tabbatar. Yanzu dukiyar na iya zama kashi uku: wani a asusun bankin mamaci da ba wanda ya san lambarsa, wani a asusun babban ɗa, wani a na yaron da ba ya cikin magada. Kuɗin da ke asusun ɗa, nasa ne ko na mahaifinsa? Shi zai ce akwai guminsa a ciki, kuma wataƙila da gaskiyarsa, tunda a asusun yake karɓar kuɗin cajin wayoyi da yake yi a gefe, da na akuyar da ya sayar. Matan mamaci da 'ya'ya mata, waɗanda ba sa zuwa kasuwa, su ne ba su da hanyar sanin abin da ya shiga da wanda ya fita, su ne kuma za su fi cutuwa. Alƙali ba ya hukunci da zato. Kuɗin da kuma ba a san da su ba kwata-kwata suna nan kwance, kuma bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2024, kuɗin da suka shekara goma ba a taɓa su ba ana mayar da su wani asusu na musamman a wurinsa har mai haƙƙi ya zo nema. Maraya a Tsanyawa ba zai nemi abin da bai san akwai shi ba.

Za a ce na bar jaki ina dukan taiki, cewa matsalar gaskiya ita ce sabis da wuta. Ban musa ba. Garuruwa da dama na wannan yanki sun fi sanin KEDCO da suna fiye da aiki, fetur ɗin janareta ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafi a Mayun 2023, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta rikice. A 2021 an rufe layukan waya baki ɗaya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, maƙwabtanmu. Amma duk wannan ba ya hannun ɗan kasuwa, kuma ba mu kaɗai yake samu ba: a Yulin 2024 kuskure ɗaya na kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfuta kusan miliyan 8.5 a duniya, jiragen sama suka kasa tashi a Amurka da Turai. Sabis idan ya ɗauke yakan dawo, kuɗin da suka maƙale yawanci sukan fito. Asusun da ba sunanka ke kai ba kuwa, ko sabis ya cika sanda huɗu ba zai zama naka ba. Darasin waɗannan katsewa shi ne a yi tanadi: layi biyu na kamfanoni daban, asusu biyu, da littafin takarda da ake cikawa kowace yamma. Waɗanda ke da ajiya a Heritage Bank ranar 3 ga Yuni 2024, lokacin da aka soke lasisinsa, sun san amfanin asusu na biyu. Inshorar NDIC ma, wadda aka ɗaga a shekarar zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙanana, wanda sunansa ke kan asusu take biya.

Suka ta biyu ta fi nauyi, domin ta taɓa zumunci. Za a ce wanda ya ce wa ɗan ƙanensa a raba asusu, a riƙa zama ana duba lissafi, ya kira shi ɓarawo ke nan a fakaice, kuma kasuwancin Bahaushe da amana ya ginu. Amsar tana cikin addinin da muka samo amanar daga gare shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umarnin, ba mutanen da ake tuhuma ba. Bayan haka, yaron ya fi kowa buƙatar wannan kariya. Idan wani baƙo ya biya kuɗin zoɓo da kuɗin damfara, asusun yaro za a rufe, shi 'yan sanda za su nema, BVN ɗinsa ce za ta ɓaci. Idan an yi masa alat na bogi an tafi da kaya, shi zai sha zargi ba tare da abin wanke kansa ba. Ranar da za a sallame shi ya kafa nasa, da asusun da ya cakuɗe da na maigida zai fita, abokan ciniki kuma su ci gaba da tura kuɗi lambar da suka saba.

Sai batun haraji, wanda shi ne ainihin abin da ke zukata ko da ba a faɗa ba. Mutane na gudun rajista da hukumar CAC da buɗe asusun kasuwanci don kada gwamnati ta gan su. Tsoron yana da tushe: ana cire naira 50 a kan taransifar da ta kai dubu goma, kuma a Mayun 2024 an so a ɗora harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari kafin hayaniyar jama'a ta sa a janye. Amma ɓuyan da ake yi ba ɓuya ba ne. Miliyoyin da ke ratsa asusun saurayi ɗan shekara ashirin a lokacin kaka sun fi jan ido fiye da waɗanda ke ratsa asusun dilan hatsi mai rajista. Masu POS kuwa an riga an tilasta musu rajistar tun 2024. Wanda bai shirya rajista ba ma, ba abin da zai hana shi buɗe asusun da sunan kansa, a kan layin da ke ɗauke da NIN ɗinsa, ya keɓe shi ga shago kaɗai.

Saura maigidan da bai yi boko ba, kuma shi ne mafi yawa. A nan laifin ya koma kan kamfanonin da ke cin riba da cinikinsa. Bankuna sun daɗe da sanin asusun da ke da masu sa hannu fiye da ɗaya, don haka ba wani abin al'ajabi ba ne a tallata wa 'yan kasuwar karkara tsarin da yaro zai karɓi kuɗi ya ga alat, amma babban kuɗi ba zai fita ba sai da yardar maigida, a kuma riƙa sanar da shi da Hausa, da murya. Kafin su yi, ƙungiyoyin kasuwa na iya ɗaukar nauyin akawu guda ga kowane layi na rumfuna, wanda zai buga wa kowa bayanin asusunsa duk mako ya karanta masa, ya daidaita shi da littafi, ya duba an adana saƙonnin waya. Masu yin aikin suna nan, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Noma ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta suna yaye matasa kowace shekara, da yawansu suna zaune. Wahalar ita ce ɗan kasuwa ba ya son wani ya san cinikinsa, kuma yana da hujja. Saboda haka akawun bai kamata ya zama mai sayar da irin kayan da suke sayarwa ba, kada a ba shi lambar sirrin kowa, kuma ƙungiya ta ɗaure shi da yarjejeniya a rubuce a gaban shugabannin kasuwa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta riga ta tanadi hukunci ga wanda ya yi wasa da bayanan wani, sai dai a Dawanau korar mutum daga layin rumfuna za ta fi saurin aiki.