Sharhi: Gwajin DNA, Daga Ɗakin Aure Zuwa Zauren Kotu



A 'yan shekarun nan wata magana ta shigo majalisun hira, tun daga teburin mai shayi har zaurukan WhatsApp, wato gwajin ƙwayoyin halitta da aka fi sani da DNA. Abin da ya ƙara iza wutar shi ne rahoton da kamfanin Smart DNA na Legas ya fitar a 2024, cewa kashi 27 cikin 100 na mazan da aka gwada a wurinsa ba su ne suka haifi yaran da suka kai ba. Kafin a ce kwabo an juya zancen, wai a duk yara huɗu na ƙasar nan ɗaya ba na ubansa ba ne. Wannan lissafin dokin Rano ne. Akasarin masu zuwa irin wannan wuri zargi ne ya kai su tun farko, kuma wanda ya tsaya a ƙofar asibitin ido yana ƙirga masu ciwon ido bai ƙirga mutanen gari ba. Amma maganar ta riga ta shiga kunne, har ana jin samari da ko lefe ba su haɗa ba suna cewa su kam sai sun yi wa ɗansu na fari gwaji.

Shi gwajin ba tsafi ba ne. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wani tsarin halitta a cikin ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Ana goga auduga a cikin kumatu, ko a ɗebi jini, a kai ɗakin bincike, a duba wurare kamar ashirin a jikin wannan tsari, a gwama na yaro da na wanda ake cewa ubansa ne. Idan sun saɓa a wurare da dama, ba shi ne uban ba. Idan sun dace duka, sakamako kan nuna yiwuwar da ta haura kashi 99 cikin 100. Tagwaye na ƙwai ɗaya ne gwajin da aka saba yi ba ya iya rarrabewa. A ƙasa irin tamu mai yawan auren zumunci kuwa, idan waɗanda ake taƙaddama a kansu wa da ƙani ne, dole a sanar da masu binciken, don kusancin jini na iya rikita lissafi. Kuma kada a haɗa shi da gwajin sikila na AA da AS da SS da ake yi kafin aure. Magidancin da takardarsa ta ce AA, sai ga yaro an ce SS ne, ya fara komawa a sake gwada shi da matarsa a wurin da aka amince da shi kafin ya buɗe baki, domin kuskure na iya kasancewa a tsohuwar takardar da ke aljihunsa.

Wani malamin Jami'ar Lesta ta Ingila, Alec Jeffreys, ya gano wannan dabara a 1984. Shari'ar farko da aka yi amfani da ita a 1985 ta wani yaro ce ɗan asalin Ghana, wanda hukumar shige da fice ta Birtaniya ta ce ba ɗan matar da ke iƙirarin haihuwarsa ba ne. Gwaji ya nuna ɗanta ne, aka bar shi da uwarsa. A 1986 'yan sanda suka kawo wa Jeffreys batun 'yan mata biyu da aka yi wa fyaɗe aka kashe a ƙauyukan kusa da Lesta. Suna riƙe da wani matashi ɗan shekara 17 da ya riga ya amsa laifin kashe ɗaya daga cikinsu. Gwaji ya ce mutum ɗaya ne ya yi ɓarnar biyu, kuma ba wannan matashin ba ne. Aka sake shi, aka ɗebi samfurin maza kusan 5,000 na yankin. Mai laifin, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, sai da abokin ya yi suɓul da baka a wurin hira asiri ya tonu, aka yanke masa hukunci a 1988. A lura da kyau, aikin farko da gwajin ya yi a duniya shi ne mayar da ɗa ga uwarsa da kuma kuɓutar da wanda aka sa ya amsa laifin da bai yi ba.

Mu a nan ba a littafi muka fara jin labarinsa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin daban. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Bayan doguwar shari'a aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, miliyan 35 daga ciki don diyyar waɗanda abin ya shafa. Sai ga mutum fiye da 500 sun fito kowa na cewa da ɗansa a ciki, alhali yara 200 ne. Kwamitin rabon diyya a ƙarƙashin Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali ya ce to, sai an yi gwajin DNA. Wasu iyalai suka ba da yawunsu, wasu suka ƙi, har suka garzaya kotu don a dakatar da gwajin. A watan Agustan 2011 aka biya iyalai huɗu na farko dala 175,000 kowannensu, shekara 15 bayan faruwar abin.

Masu ƙin gwajin nan ba jahilci ne ya hana su ba. Tambayarsu ita ce: wa zai ɗauki samfurin, ina za a kai shi, da me za a gwama shi, kuma wa ya riƙe wancan abin gwamawar tun 1996? Mutanen da suke ganin an taɓa cutarsu da sunan magani, ba za ka zo musu da auduga ka ce su buɗe baki su yarda nan take ba. Wannan tambaya tasu ita ce gaskiyar lamarin DNA ko'ina. Na'ura ba ta son kai, amma hannun da ya ɗauki samfuri, da wanda ya rubuta suna a jikin ambulan, da wanda ya kai, da wanda ya buga sakamako, duk 'yan Adam ne. A Jamus 'yan sanda sun shafe shekaru suna farautar wata mata da suka riƙa tsintar DNA ɗinta a wuraren laifuka kusan 40, sai a 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin audugar ɗaukar samfurin. Idan haka ta faru a Jamus, me za a ce da takardar da wani ya biya kuɗi aka aiko masa ta waya, babu shaida, babu alƙali?

Saboda haka duk mai tunanin ya saci jiki ya goga wa yaronsa auduga ba da sanin uwar ba, ya tsaya ya ji abin da shari'armu ta tanada. A Musulunci ɗan da aka haifa a cikin aure, wata shida ko fiye bayan tarewa, na mijin ne. Kamanni ba ya rushe wannan. Malamanmu suna karantar da ƙissar mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launin fata, aka tunatar da shi cewa ko a cikin raƙumansa akan samu wanda ya ɗebo launin kakanni. Hanya ɗaya miji ke da ita ta kore ɗa, wato li'ani, kamar yadda ya zo a Suratun Nur: rantsuwa huɗu, ta biyar ya kira wa kansa tsinuwa in ƙarya yake, matar ma ta yi nata, a raba su har abada. A mazhabar Malikiyya wanda ya ga ciki ko haihuwa ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ya yanka ragon suna, ba zai dawo daga baya ya ce ba nasa ba ne. An tsananta hanyar da gangan, don kada nasabar yaro ta zama abin wasa a duk ranar da aka yi faɗa a gida.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a watan Janairun 2002 a kan wannan batu. Ta ce ba a dogara da DNA wajen kore nasaba, ba a gabatar da shi a kan li'ani, ba a kuma bincikar nasabar da ta riga ta tabbata da shi. Amma ta buɗe ƙofa a inda jarirai suka cakuɗe a asibiti, da inda yara suka ɓace, da gawar da ba a gane ba, da binciken laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, ta kuma nemi a riƙa yin sa da umarnin kotu. Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da haka ba. Dokar Shaida ta 2011 tana ɗaukar ɗan da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren, a matsayin ɗan mijin, ita kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kotu ta ba ikon yin umarni da gwaji.

To abin takaicin shi ne, a wuraren da malamai da doka suka yarda, can ne ba mu da komai. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka dawo da yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Anaca, an canza musu suna da addini, wasu har Hausa ta fara kuɓuce musu. A 2021 kotu ta ɗaure Paul Owne, ɗaya daga cikin masu satar yaran, shekara 104. Yaron da aka ɗauke yana shekara biyu, aka same shi yana bakwai, da me uwa za ta tabbatar nata ne idan wata ma ta ce nata ne? Tabon ƙuna a ƙafa ba kullum yake isa ba. Yankinmu kan hanya yake, ga titin Kano zuwa Daura ya ratsa Kazaure, ga Babura a bakin iyakar Nijar, ga almajirai ƙanana da ke nesa da iyayensu. Haka kuma daren 15 ga Oktoban 2024, da tankar mai ta yi bindiga a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, fiye da mutum 150 suka rasu, da yawa sun ƙone ba a gane su, aka binne su a kabari ɗaya. Bayan alhini akwai hukunce-hukunce: takaba, gado, marayu. Samfuri kaɗan da za a ajiye kafin jana'iza ba zai jinkirta sutura ba, kuma zai iya raba gardama ko bayan shekaru.

Inda abin ya fi ciwo shi ne fyaɗe. Ga yadda yake faruwa a garuruwanmu. Yarinya ta shigo gida tana kuka, uwa ta duba ta gane. Abin da za ta fara yi, cikin tausayi da kunya, shi ne ta ɗora ruwan zafi ta gasa ta, ta wanke zane da ɗan kamfai ta shanya a bayan ɗaki. Daga nan a jira maigida ya dawo, a kira baffa, a je wurin mai unguwa, wani ya ce a rufa asiri don gaba. Ranar da za a isa ofishin 'yan sanda an kwana huɗu ko biyar, shaidar duk ta bi ruwa. A kotu sai maganar yarinya da ta ƙato, shi ya musa, a yi ta ɗage zama har iyaye su gaji da kuɗin mota. Jigawa ta sa hannu a dokar hana cin zarafi a 2021 mai tsauraran hukunci, amma tsananin hukunci ba ya kama wanda ba a tabbatar da laifinsa ba. Malikiyya ta wajabta wa mai fyaɗe biyan sadaki ga wadda ya zalunta, alƙali kuma yana da ikon ta'aziri ko da sharuɗɗan haddi ba su cika ba. A nan ne DNA zai yi aiki, ya kama mai laifi, ya kuma wanke wanda aka yi wa ƙazafi saboda gaba ko rikicin gona.

Ba muna cewa gobe a gina ɗakin binciken DNA a Gwiwa ba. Legas ta buɗe nata a 2017, aka ƙone shi a tarzomar Oktoban 2020, kuma kayan aikin tsada gare su. Abin da ke cikin ikon gwamnatin Jigawa ta Malam Umar Namadi ya fi wannan sauƙi. A horar da likita ko ma'aikaciyar jinya a asibitocin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa yadda ake ɗaukar samfuri, a rufe, a sa hannu, a rubuta duk wanda ya karɓa, don kada sai an ɗauki yarinya zuwa Dutse kafin a duba ta. Ma'aikatar Shari'a ta ƙulla yarjejeniya da ɗakin bincike guda da aka tantance, gwamnati ta biya kuɗin gwaji a shari'ar fyaɗe da satar yara, domin talakan Roni ba shi da ɗaruruwan dubban nairorin da ake nema. Alƙalan kotunan shari'a da limamai su zauna da likitoci a fitar da matsaya da jama'a za su ji a huɗuba, a kuma hana karɓar duk sakamakon da ba kotu ce ta yi umarni da shi ba.

Ku kuma iyaye, in Allah ya jarrabe ku da irin wannan, kada a yi wa yarinya wanka, kada a wanke tufafinta. A naɗe su a takarda, ban da leda, don danshi yana lalata shaida. A kai ta asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau ma cikin awa 72 yake aiki. Zaman dangi da mai unguwa ya biyo baya.