Likita Ya Ce Bai Sani Ba Tukuna, Kai Wa Ya Sanar Da Kai?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai saukar da cuta da magani, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana matasa, wata huɗu ke nan mahaifina yana kwance. Abin ya faro ne da rashin cin abinci da rama, daga baya idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. A kemis aka ce taifot ce, a wani ƙaramin asibiti aka ce gyambon ciki ne. Da muka kai shi babban asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, sai likita ya ce an ga ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma akwai wani ƙullutu a hantar da ba zai iya cewa daji ne ko ba daji ba ne sai an ƙara bincike. Na ce, “Likita, to mene ne takamaimai yake damun Baba?” Ya ce, “Malam, ban sani ba tukuna.”

Wallahi wannan kalma ta yi mini nauyi. Ina tsaye a aji ina koya wa yara imani da ƙaddara, zuciyata tana can bakin gadon asibiti. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya.

Gwaggona ta zo gida da wani mutum da ake kira mai ruƙiyya. Bai ga takardar gwaji ko ɗaya ba, bai cika minti goma a ɗakin ba, ya ce jifa ne, kuma wai aljanin ya shaida masa cewa wata mace ce a cikin gidan ta yi aikin. Ya yanka kuɗi, ya ajiye jarkar jiƙo, ya ce a dakatar da maganin asibiti. Nan take idanu suka koma kan matar mahaifina, baiwar Allahn da take kwana tana jinyarsa tun ranar farko. Na ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan jarka ba za ta shiga cikin Baba ba.” Har yau ba ta amsa gaisuwata.

To ina tambayar wannan mutum da ire-irensa: abin da ya gagari wanda ya shafe shekaru yana karatun jikin ɗan Adam, ga jini ga hoto a gabansa, kai wa ya sanar da kai a minti goma? Idan ka ce aljani ne, to koma Suratu Saba'i, aya ta 14. Annabi Sulaimanu (AS) ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suka ci gaba da aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda ba su gane mutuwar wanda yake gabansu ba, su ne za ka kafa hujja da maganarsu a kan mutuncin Musulma? A wace kotun shari'a aka taɓa karɓar shaidar aljani?

Na san za a ce da ni, “Malam, ai sihiri gaskiya ne.” Ban musa ba, kuma ruƙiyya da Fatiha da Falaƙi da Nasi sunna ce, ni da kaina nake tofa wa Baba safe da yamma, ba tare da ko sisi ba. Amma kasancewar sihiri a duniya bai zama hujjar cewa wannan ciwon sihiri ne ba, balle a nuna wance da yatsa. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hane mu yawan zato, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai da'awar sanin gaibu ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Boka ko ya sa rawani ya riƙe carbi, idan ya yi da'awar gaibu, sunansa boka.

Mu da muka yi karatu a gaban malamai mun san darajar kalmar “ban sani ba”. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Saboda haka likitan da ya faɗa mini iyakar saninsa ya fi kusa da ɗabi'ar malamanmu fiye da wanda ya cike gurbin da ƙarya. Kuma ƙaryar nan tana da farashi: hanta ce take tace abin da aka sha, jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya ƙarasa hantar da ta riga ta raunana, ga zumuncin da aka yanke, ga lokacin da aka ɓata.

Ya ɗan'uwana, idan Allah ya jarrabe ka da irin wannan, ka riƙe takardun gwaji wuri ɗaya, ka tambayi likita har ka fahimta, idan ba ka gamsu ba ka nemi wani likitan. Mu duka gidanmu mun je an gwada mu, domin sai a shekarar 2004 Nijeriya ta sa rigakafin wannan ciwon hanta cikin alluran jarirai, yawancinmu an haife mu kafin nan. Sannan ka yawaita addu'a da sadaka, ka tsare harshenka daga zargi. Wannan shi ne tawakkali.

Har yanzu muna jiran sakamako. Jiya Baba ya kama hannuna ya ce, “Kada ka bari a zalunci kowa saboda ni.” Ina roƙon ku sa shi a addu'a. Allah ya ba shi lafiya tare da dukkan marasa lafiyar Musulmi, ya shirye mu baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.