Hukuncin kisa: maganar da ake yi a New York, mu ma mu yi ta a Mayahi



Tun shekarar 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya take kiran ƙasashe su dakatar da kashe waɗanda kotu ta yanke ma hukuncin kisa. A ƙuri'ar farko ƙasashe 104 suka amince, a Disamban 2024 sun kai 130. Da an ji wannan labari sai a ce ai maganar Turawa ce. To amma mu dubi gidanmu tukuna.

Dokar laifuka ta Nijar har yau tana ɗauke da hukuncin kisa, ta hanyar harbi, kuma alƙalai suna yanke shi. Amma rabon da a zartar da shi tun 1976, zamanin Seyni Kountché, lokacin da aka harbe waɗanda aka kama da yunƙurin juyin mulkin watan Maris na wannan shekara. Ke nan dakatarwar da ake roƙon duniya ta yi, mu mun daɗe a cikinta. Sai dai babu dokar da ta tsare ta. Duk shugaban da ya ga dama yana iya komawa harbi gobe.

An taɓa gwada soke hukuncin. A Disamban 2010, lokacin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, majalisar tuntuɓa ta ƙasa ta ƙi amincewa. A 2014 gwamnati ta amince da shiga yarjejeniyar duniya ta soke shi, maganar ta tsaya a hanya. Maƙwabtanmu kuwa sun rabu: Bénin ta shiga yarjejeniyar a 2012, Chadi ta soke hukuncin a 2020, Najeriya tana riƙe da shi.

Me ya sa abin yake cijewa a nan? Don ana tattauna shi da Faransanci a otel-otel na Yamai, ba a tambayi malamai ba, ba a tambayi dangin waɗanda aka kashe ba. Mutumen da aka sare ma ɗa a gona lokacin rikicin manoma da makiyaya, in ka ce mishi a bar mai kisan da rai, ka san amsar da zai ba ka. Jihar Maradi ba ta manta da Toda ba, inda aka hallaka mutum sama da 100 a 1991. Wannan fushi gaskiya ne, kuma Musulunci ya san da shi, shi ya sa akwai ƙisasi.

Amma addinin da ya kawo ƙisasi ya buɗe ƙofar afuwa da diyya, ya ba dangin mamaci ta cewa, ya kuma tsananta wajen shaida. Dokarmu, wadda muka gada daga tsarin Faransa, ba ta ba dangi wannan zaɓi. Ga kuma talakan ƙauye da ake kaiwa Maradi a yi mishi shari'a cikin harshen da bai ji, ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa, lauyansa kuma sai dab da shari'a yake ganin shi. In an yi kuskure an ɗaure mutum, ana iya buɗe gidan kaso a sallame shi. In an harbe shi fa?

Ra'ayina shi ne a rubuta dakatarwar nan cikin doka, kowa ya san matsayinmu. Sannan a yi aikin da ya fi wuya: a sama wa wanda ake tuhuma lauya da tafinta tun daga ofishin jandarma, a tabbatar mai kisa ya yi zaman kason da aka yanke mishi, a kuma biya marayu da zawarawa diyya ta gaske. Batun soke hukuncin kwata-kwata, a kawo shi gaban jama'a da Hausa, da malamai da sarakuna da alƙalai a zaune wuri guda, kafin wakilinmu ya ɗaga hannu da sunanmu a New York.

Ku fa, mi kuka gani? Musamman malamanmu da waɗanda abin ya taɓa shafa, muna jiran ra'ayinku. Allah shi ba mu zaman lafiya.