Gani Ba Ci Ba

Akwai wasu 'yan'uwa a cikinmu da ke da wata ɗabi'a mai kyau. Da zarar sun ji an mai da wani littafi fim ko wasan talbijin, sai su nemi littafin su karanta, su kuma kalli fim ɗin, sa'an nan su zauna su auna abin da aka ɗauka da abin da aka zubar. Wasu na yi musu kallon marasa aikin yi. A ganina kuwa, ɗabi'ar nan ce ya kamata mu koya wa 'ya'yanmu, domin yaro na yau yakan kalli fim, ya tashi yana cewa ai ya san littafin.

Mu ɗauki littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. A 1987 gidan talbijin na NTA ya nuna shi kashi-kashi, Pete Edochie ya fito a matsayin Okonkwo. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har mutane da yawa ba sa iya tuna Okonkwo sai da fuskar Edochie. To, amma a tuna da Nwoye, ɗan Okonkwo, wanda ya bi masu bishara. A littafin, Achebe ya shigar da mu cikin zuciyar yaron. Ya nuna mana yadda kukan tagwayen da ake yarwa a kurmi ya tsaya masa a rai, da yadda kisan Ikemefuna, wanda ya ɗauka kamar wansa, ya karya masa zuciya, har waƙar masu bishara ta zama masa kamar ruwa ga mai ƙishi. Kyamara tana iya nuna fuskar yaro yana sauraron waƙa, amma da wuya ta faɗi abin da waƙar ta taɓa a cikinsa. Wanda ya tsaya ga kallo kaɗai yana iya ɗauka cewa rashin kunya ce kawai ta raba ɗa da ubansa, alhali marubucin ya ba kowane ɓangare hakkinsa.

Wannan ba laifin masu shirya fim ba ne. Littafin da mutum zai yi kwanaki yana karantawa, su dole su matse shi cikin 'yan sa'o'i. Tilas su zaɓa, su rage, wani lokaci su ƙara. Saboda haka fim ɗin littafi fahimtar wani mutum ce game da littafin. Yana da kyau mu ji fahimtarsa, amma kada ta hana mu samun tamu.

Akwai kuma wani dalili. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar saboda gasar rubutun Hausa da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labari ne na yaron da aka sace a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa cikin baƙar wahala. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Daga baya fim ɗin ya ɓace, har aka fid da tsammani. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a ƙasar Jamus a 2018. Duk tsawon shekarun nan littafin yana nan hannun ɗalibai da malamai. Da a ce mun jingina ga fim kaɗai, da tsara guda ta tashi ba ta san Shaihu Umar ba.

Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye. Fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka juya zuwa Hausa, ake kuma haska shi da majigi a ƙauyuka, daga Bisharar Luka aka ɗauko shi. Ya yi amfani sosai, musamman ga waɗanda ba su iya karatu ba. Duk da haka surori 24 ba za su shiga cikin sa'o'i biyu gaba ɗaya ba, fuskar da muke gani kuma ta ɗan wasa ce.

To, me za mu yi? Ba cewa nake a kashe talbijin ba. Iyaye, in kun zauna kallo da yara, ku tambaye su wane littafi ne tushen labarin, ku nemo musu shi. Shugabannin matasa da na zumuntar mata, kuna iya zaɓen littafi ɗaya ku karanta cikin wata guda, ku kalli fim ɗinsa tare, kowa ya faɗi abin da ya ga an bari da dalilin da yake tsammani aka bar shi. Malaman makaranta kuwa su gargaɗi ɗalibai cewa daga littafi ake fitar da tambayoyin jarrabawa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, gaskiya ne. Amma su ne kuma suka ce gani ba ci ba. Yaron da ya koyi tambayar abin da aka cire daga labari ba zai zama mai haɗiye duk abin da akwatin talbijin ko waya ta miƙo masa ba.