Bukin aure a bakin gona: daidai ruwa, daidai tsaki

Kaka ta yi a ƙasar Bangi. An yanke hatsi, dammuna sun shiga rumbu, samarin da suka tafi biɗa sun fara aiko da saƙo gida, magidanta kuwa sun shiga shawarar tsai da ranakun aure. Haka al'ada take tun kaka da kakanni a gundumomin Madawa, Buza da Keita: ba a kai amarya sai ciki ya ƙoshi, hannu kuma ya huta da hauya. Amma a daidai wannan lokaci na farin ciki ne gidaje da yawa ke haƙa wa kansu ramin da za su faɗa a tsakiyar damina, domin hatsin da ya kamata ya kai iyali har sabuwar kaka ana fitar da shi kasuwa saboda shagalin kwana biyu.

Hanyar asarar sananniya ce. A kaka kowa na sayarwa, don haka tiyar hatsi ba ta da daraja. Magidanci ya buɗe rumbu ya sayar da araha domin ya yi hayar tanti da kujeru daga Madawa, ya ɗauko na'urar kiɗa da injin wuta, ya yi wa dangi anko. Idan watan Yuli ya zo, rumbu ya zama fanko, sai ya koma wurin wanda ya saya masa, ya sayi hatsin nan da tsada ko ya karɓe shi bashi. Wani ya kai gonarsa ta fadama jingina, alhali ita ce ke ba shi albasa da rani. Wani saurayin kuma, da ya ga kuɗin neman aure da akwatin lefe sun fi ƙarfinsa, sai ya kama hanyar Abijan ko Libiya, ya yi shekaru bai ga gida ba, gandun mahaifinsa ya rasa hannu.

Wannan damuwa ta daɗe. A zamanin mulkin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, hukuma ta yi ƙoƙarin taƙaita kashe kuɗi a wajen aure da suna, bayan farin 1973 da ya gwada wa kowa ƙimar damin hatsi guda. An yi kira ta bakin Samariya da ƙungiyar matan Nijar, an yi wa'azi, amma da sa ido ya ragu sai gasa ta dawo. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje irin su atamfa da kwanoni suka yi tsada, duk da haka yawan kayan da ake nema bai ragu ba. A makwabta ma haka abin yake: a 2012 gwamnatin jihar Kano ta fara ɗaukar nauyin aurar da zawarawa a taro guda ta hannun hukumar Hisba. Darasin da ke ciki shi ne, doka ko taimakon gwamnati ba su isa su kashe gasa ba, sai mutanen gari da kansu sun daina ganin sauƙi a matsayin abin kunya.

Addini kuwa bai ɗora wa kowa wannan kaya ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa aure na ƙulluwa da waliyyi, da sadaki, da siga, da shaidu biyu adilai, kuma mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Walima sunna ce, kowa na yin ta gwargwadon ikonsa, ko da dabba guda ce. Tanti, anko da kiɗan kwana uku mutane ne suka ƙirƙiro su, saboda haka mutane na iya rage su ba tare da sun yi zunubi ba.

To, yaya za a shirya bukin da zai fid da iyali kunya, ya kuma bar rumbu da hatsi?

Da farko iyayen ɓangarorin biyu su zauna tun kafin a sa rana, su yi lissafi. A ware hatsin ci na shekara da irin shuka, a rufe bakin rumbu a kansu. Abin da ya saura shi ne na buki. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci a nan amfanin karatunsu zai fito: su ɗauki littafi su rubuta yawan baƙi, yawan tiyoyi, kuɗin goro da dabino, da sunan wanda ya ɗauki nauyin kowane abu. Abin da aka rubuta ba ya kumbura da dare kamar abin da aka bari a baki.

Na biyu, wurin taro. Bayan girbi gonar bayan gari fili ce shimfiɗaɗɗiya. A share ta, a cire kututturan kara saboda ƙafar yara, a kafa rumfa da karan dawa da zana a gindin gawo ko bedi, a raba wurin maza da na mata. Ƙasar Madawa ta yi suna wajen saƙar tabarmar kaba; abin mamaki ne a bar tabarmar gida a tafi hayar kujerar roba. A kafa murhu nesa da rumbuna da tarin kara, ta gefen da iska ba za ta kwaso wuta ba, domin hunturu ba ya wasa da tartsatsi. A tanadi randunan ruwa masu murfi, da buta da sabulu na wanke hannu. A yi taro da hantsi ko bayan la'asar, a watse kafin duhu: an huta da kuɗin man inji, baƙin nesa kuma sun isa gida da ido, abin da ya dace da garin da ke kusa da iyaka.

Na uku, abinci. Tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa, wake, fura da nono, da akuya guda daga garke sun isa karɓar baƙo cikin mutunci. Tukwane da akusa a aro su wurin makwabta, kamar yadda aka saba.

Na huɗu, aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Samari su kafa rumfa su gyara ɗakin amarya ta hanyar gayya, mata su yi daka da girki. Mutanen wannan yanki sun san ƙarfin aikin taro fiye da kowa. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, tun 1975 manoma suka jera layukan bedi domin kare gonaki daga iska. A Keita, daga 1984, mata ne suka fi yawa cikin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Jama'ar da ta iya wannan ba za ta kasa kafa rumfar buki ba.

Akwai masu cewa rage buki tauye haƙƙin amarya ne, kuma maganarsu na da wurin dubawa. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, ita ke da iko da su, su take sayarwa ranar da ciwo ko yunwa ta zo. Saboda haka kada a taɓa rabonta. Abin da za a rage shi ne wanda ke ƙarewa a dare guda. Kuɗin tanti da anko in aka saya mata tunkiya biyu da su, ko keken ɗinki, za ta ci moriyarsu shekara da shekaru. Haka nan gudummawar buki da mata ke yi wa juna, wadda ake mayarwa da ƙari, ya kamata a tsai da ita a kan abin da aka bayar, don kada zumunci ya rikiɗe ya zama bashi. Maroƙi da makaɗin gari a ba su abin da ya sauƙaƙa, su ma ƴan gida ne.

Sauƙin buki kuma bai ba kowa damar gaggauta aurar da yarinya ƙarama ba. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati ta kare ɗiya mace da ke lakwal. A nemi yardar yarinya, a bar ta ta kammala karatu, bayan ɗaurin aure kuma a je a rubuta shi a ofishin magajin gari, domin takardar aure kariya ce ga matar da ƴaƴanta.

Nauyi mafi girma yana wuyan manya. Talaka ba ya fara abin da zai sa a yi masa dariya. Amma ranar da sarki, ko liman, ko babban ma'aikaci, ko alhajin da ke fataucin albasa ya aurar da ɗiyarsa a ƙarƙashin rumfar kara, ya ciyar da jama'a tuwon gidansa, daga ranar bakin masu gori ya mutu. Hakimai da malamai da ƙungiyoyin mata na Bangi su zauna tun yanzu, kafin bukukuwan bana su kankama, su yi yarjejeniya a bainar jama'a, su kuma fara aiki da ita a gidajensu. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Allah ya ba ma'auratan bana zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya kai kowa damina mai albarka.